Tururuwa a Cikin Ludayi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba ni tsawon kwana har na ga jikoki sun zama iyaye. Sanusi, jawo tawadarka kusa, ka rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Ni ban san baƙi ba, sai abin da nake salla da shi. In ka ga ina hawaye ka ci gaba da aikinka, tun da na fita takabar kakanku haka idona yake, ko sunan gero aka ambata sai ya kawo ruwa, don shi manomin gero ne.

Kun tashi kun tarar ana kirana Ta-Tururuwa, kuma na san abin da aka gaya muku: wai akwai shekarar da iska ta taɓa ni, na riƙa tsugunne bakin ramin tururuwa ina magana ni kaɗai. Ban taɓa musantawa ba, domin akwai wanda ya san gaskiya, kuma saninsa ya ishe ni. Kakanku ne, yanzu kuwa yana kwance a maƙabarta yamma da gari. Ga shi kuma ƙanwarka Dije tana ɗauke da cikin fari a Konni, kuma labari ya iso ni cewa dangin mijinta sun fara tambaya ko nonon gidanmu lafiyayye ne, tunda an ce kakarta ta yi mugun nono. Don haka nake so a rubuta, a kai mata a karanta mata tun kafin ta durƙusa.

A lokacin da nake faɗa Nasara bai zo ba, ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi. Babu komai tsakanin Illela da Konni sai gonaki da sabara, wannan iyaka da ta mai da Dije 'yar wata ƙasa ba mu san ta ba. Kakanku yana noma da damina, da rani kuma ya kora jakunansa ya ɗauko kanwar da Buzaye ke saukewa a Konni. Ni uwata ta rasu tun ban san kamanninta ba, ƙanwar babana ce ta raine ni a Amarawa, sunanta Ige, ita nake kira Gwaggo. Mace ce mai tsabta da tsare al'ada, ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba, ba ta kuma taɓa barin tambayata ta wuce ba tare da ta ce mini na cika bin diddigi ba. Da cikina na fari ya tsufa, wurinta aka mai da ni goyon ciki.

Ina so ku san cewa an kula da ni, kada wani ya ji labarin nan ya ce mutanen da ba su san darajar mai jego ba. Na haihu da hantsi, ni kaɗai a ɗaki kan gwiwata, ban yi ƙara ba don haka aka hore mu. Da aka ji kukan jaririya sai aka kira ungozomar garin, Iya Tumba, wata doguwar tsohuwa mai ƙarancin magana. Ita ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta murza mini ciki da tafin hannunta har abin da ya rage ya fita, ta ɗaure ni da zane. Safe da yamma Gwaggo na tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta riƙa fyaɗa mini har jikina ya yi laushi. Daga nan sai gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, sai kunun kanwa mai zafi, sai romon ƙafar sa da yaji har ina zufa. Itacen da ake duk wannan da shi kakanku ke kawowa a kan jaki tun daga Illela, ya sauke a ƙofar gida ya juya, don ba ya shiga gidan surukai.

Sai dai akwai abu ɗaya. Ba a ba jariri nonon farko, wannan mai kauri da ya yi rawaya, wanda ake ce wa dakashi. Matse shi ake yi a zubar, a riƙa ɗura wa ɗan ruwan ɗumi da nonon akuya. Kafin kuma a ɗora shi a ƙirjin uwarsa sai an gwada nonon. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da ƙafarta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, mugun nono ne, sai a raba ɗa da shi har a yi magani. Ranar da aka gwada nawa, Gwaggo ce ta ɗauko 'yar ƙaramar ja daga gindin tulu, irin wadda muke ce wa kiyashi, ta miƙa wa Iya Tumba. Ludayin ya kusa cika. Ina kallo ta yi 'yan motsi, ta dunƙule, ta tsaya cik. Aka ba ni jiƙo, aka shafe ni da saiwoyi, aka sake gwadawa, ta sake mutuwa. Aka ƙara, haka dai.

"Sai haƙuri, Kulu," in ji Gwaggo. "Allah ya sa munka gane da wuri. Da kin ba ta wanga abu, da tuni wani zance ake."

Ɗiyar fari ce, kuma kun san kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ina kwance kan gadon wuta, ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, zanena yana jiƙewa, ita kuma tana can hannun Gwaggo ana ɗura mata nonon akuya tana kuka, ni kuwa na juya fuskata bango don kada a ce ba ni da kunya. Bayan suna zawo ya kama ta, maɗigarta ta faɗa, ba ta kai arba'in ba. Sanusi, rubuta sunanta. Safiya. Yau ne karon farko da ya fito daga bakina, kuma ga shi ba abin da ya faɗo daga sama.

Wanka bai tsaya ba don ta mutu, jiki bai san an yi rashi ba. Gwaggo ta ci gaba da tafasa ruwa da dama kunu har na cika kwanakina, mata na shigowa suna cewa Allah ya mayar da alheri, amma ba wadda ta zauna ta tambaye ni abin da ke raina. Ban ga laifinsu ba, ba a yi musu ba su ma. Na koma Illela jikina garau, fatata na sheƙi, kuma na tabbata a zuciyata cewa ina ɗauke da guba a ƙirji.

Abin da ya juya ni ƙaramin abu ne. Wata safiya ina wanke ƙorai a gindin randa, sai na ga kiyashi ta faɗa cikin ludayin da na ɗebo ruwa. Na tsaya ina kallonta. Ta yi 'yan motsi, ta dunƙule, ta tsaya, daidai yadda waccan ta yi. Ruwan rijiyarmu ne, wanda kowa ke sha, wanda liman ke alwala da shi. Na zubar, na ɗebo wani, na nemo wata na jefa. Ita wannan ta kai baki ta fito. Na sake jefa wata, ta mutu. Ban san lokacin da rana ta take ba, ban ɗora tukunya ba ran nan. Daga nan abin ya kama ni. Na gwada a ruwan tsamiya, na gwada a kunu mai sanyi, na gwada a nonon shanu da wanda aka kaɗe da wanda ba a kaɗe ba. Na ga ashe ba iri ɗaya ba ne su kansu: kiyashi ba ta da ƙarfi, cinnaka tana da faɗa amma ba ta daɗewa, baƙar tururuwa mai jan gero kuwa in ludayi bai cika ba takan taka ta fito abinta tana share ƙaho. Na ga sabon ludayi mai kaushi sun fi hawa, tsoho mai santsi yana mai da su ciki. Na ɗiga zuma na jefa, ba wadda ta fita, kuma ban taɓa jin wanda ya ce zuma guba ce ba.

Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Aka ce baƙin ciki ya buɗe wa iska ƙofa. Wata ta kawo mini turare, wata ta ba kakanku shawara ya nemi masu girka. Wata rana da la'asar ya dawo daga gona ya tarar da ni tsugunne bayan rumbu da ludayi uku a gabana. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya jingine kalmensa, ya tsuguna gefena, ya daɗe yana kallo.

"Mi kike biɗa wurinsu?" ya ce.

"So nake in san ko sun san abin da suke faɗi."

"To, mi sunka ce?"

"Sun ce ruwan rijiyarmu mugu ne, zuma ma muguwa ce."

Sannan ya miƙa hannu ya ce in ba shi ludayi ɗaya, shi ma ya gwada da hannunsa, kada a ce hannuna ne ke da abin. Tasa ma ta mutu. Ya dube ni ya ce ashe shi ma mugun nono gare shi. Wannan ce dariyar farko da na yi tun rasuwar yarinyar, kuma dariyar ba ta ƙare ba sai da ta koma kuka, shi kuwa bai tashi ba, bai ce in yi shiru ba. Daga ranar duk inda ya je da jakunansa sai ya dawo mini da wasu tururuwai a cikin ɗan gora, ya toshe da ganye.

"Ga na Konni," yakan ce. "An ce su sun iya ruwa."

Akwai wata Bafulatana mai suna Dudu, daga rugar da ke sauka wajen Tozai, wadda ke kawo mana nono. Ita ba ta gudu na ba, ta ce mahaukacin da ke sayen nono ya fi mai hankalin da ke taya shi ya tafi. Na roƙe ta in saniyarsu ta haihu ta kawo mini dakashinta. Ta kawo a ɗan ƙoƙo, mai kauri, rawaya, kamarsa ɗaya da wanda aka matse mini aka zubar. Na jefa baƙar tururuwa mai ƙarfi, ta maƙale, ba ta ko motsa sosai ba.

"Maraƙin ya sha wannan?" na tambaye ta.

"Shi ya fara sha. Wanda bai samu ba shi ne ba ya yin ƙwari."

"Yana ina yanzu?"

"Shina can shina tsalle, ya hana kowa sakat."

"To ku, in mace ta haihu, kuna ba ɗan nata?"

Ta yi dariya har tana riƙe ƙwaryarta. Ta ce a'a, su ma matsewa suke su zubar, ai mutum ba saniya ba ne. Na tambaye ta mi ya raba su a wannan wurin. Ta ce ita ba ta sani ba, haka ta tarar, kuma in na gama da tururuwa kada in koma kan shanunsu. Na so a ce ta ba ni amsa, amma ba ta da ita. Ba wanda ke da ita. Abin da na gani da idona kaɗai nake da shi, kuma a lokacin wani cikin ya riga ya shiga.

Da ya tsufa, Gwaggo ta aiko a gaya mini in koma Amarawa, domin mai irin larurata ba a barinta ta haihu inda ba a san ta ba. Ɗan aiken ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ta riga ta sami akuya mai sabon ɗa ta ɗaure. Kakanku ya ce in na so zai kai ni wurin yayarsa a Tozai. Na ce ko'ina na je akwai ludayi, akwai tururuwa, kuma labarina ya riga ni isa. Gara inda na san hannun da zai riƙe ludayin. Amma na gaya masa abin da na ƙudura: wannan ɗan zai sha nonona, ko tururuwar ta fito ko ba ta fito ba. In an ce za a raba mu, zan goya shi in fito. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Mai jegon da ta bar wanka ta fita cikin iska, kowa ya san sanyi zai shige ta, ta kumbura ta mutu, ni ma na yarda da haka, har yau ban ce ƙarya ba ne. Ya daɗe yana murza gemunsa.

"Ranar gwaji zan kawo itace," ya ce. "Ba zan kwance wa jaki akumari ba sai na ji daga gare ki."

Na isa Amarawa na tarar da akuyar ɗaure a gindin turmi, ja mai farin goshi, hantsarta cike. Dabba ce ba ta yi mini komai ba, amma ban taɓa ƙin wata halitta kamar yadda na ƙi ta ba. Gwaggo ta karɓe ni da murna, ta fara ba ni wani jiƙo mai ɗaci da ta ce daga nesa aka kawo mata, na wanke nono tun ɗa yana ciki. Na sha duka, ban bar ko ɗigo ba. Ta yi ne don tana sona.

Babanku ya zo duniya da safe, ana daka. Iya Tumba ta shigo ta yi aikinta kamar wancan karon, sai dai na lura ta ƙara tsufa, kuma da ta gama ɗaure mini ciki ba ta tashi nan da nan ba, ta zauna bakin gado tana riƙe da ƙafata. Da Gwaggo ta fita hura wutar wanka, ita ma ta fita binne mabiyiya, sai na jawo jaririn na ɗora a ƙirjina. Ya kama kamar wanda aka koya wa. Ina kallon fuskarsa ina jiran in ga ta canza. Ya sha, ya saki, ya yi barci. Haka na riƙa yi duk lokacin da ɗaki ya zama ba kowa, nonon akuyar da ake ɗura masa kuwa yakan tofar da rabi, Gwaggo na cewa ɗan nan akwai taurin kai. Washegari Iya Tumba ta zo yi masa wanka. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, sai ga ɗan rawaya ya bushe a gefen bakinsa. Na ga ta gani. Ta sa babban yatsa ta goge, ta shafa a zanenta, ta ci gaba da wanka.

Ranar gwaji ɗakin ya cika da mata, har da waɗanda ba a kira ba, kowa na son ganin yadda za ta ƙare da mai tururuwa. Na ji kukan jaki a waje, na san kakanku ya iso. Gwaggo ta shigo da tsohon ludayinta mai santsi, wanda aka yi wancan gwajin da shi. A nan ne na yi abin da ya raba ni da ita. Na buɗe baki gaban kowa.

"Gwaggo, ina da roƙo. A fara gwada na akuyar."

Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Mi kika ce?"

"Na ce a tatso na akuya a jefa mata. Shi aka ba waccan, ba a gwada shi ba."

Ban taɓa ambaton yarinyar a gabanta ba sai ran nan. Na ga fuskarta ta sauya, na kuma san ta ji abin da ban yi nufi ba, ta ji kamar na ce ita ta kashe ta. Wata daga cikin matan ta ce a yi mini uzuri, ba ni kaɗai ba ce a jikina. Wata ta yi 'yar dariya ta ce yau akuya ta shiga uku. Iya Tumba ce ta tsayar da zancen.

"Akuya ba ta zo jego wurina ba," ta ce. "Ige, ba ni ludayin. Ku matsa, kun tare mini haske."

Gwaggo ta sunkuya gindin tulu za ta ɗauko kiyashi, sai tsohuwar ta ce ta bari, idonta ya yi rauni, ba ta ganin ƙananan nan, a samo mata babba daga bakin rumbu. Aka kawo baƙa, mai jan gero. Ta matso kusa da ni ta tatsa, kaɗan, bai ko rufe gindin ludayin ba, ta ce ya isa. Ta jefa ta. Matan suka sunkuyo. Ni na fi kowa sanin abin da nake kallo, na shekara ina kallonsa. Tururuwar ta juya, ta nufi gefe, ta hau, santsi ya mai da ita. Ta sake hawa, ta sake zamewa. Na riga na sa hannu na kama bakin zanen goyo. Sai na ga bakin ludayin ya sunkuya, kaɗan ƙwarai, wajen da ta nufa, nonon ya ja baya, ta sami busasshen wuri. Ta taka ta fito kan mariƙin, ta tsaya tana share ƙaho, ta bi yatsan Iya Tumba ta sauka.

Aka ɗauki hamdala. Matan suka ce jiƙon Gwaggo ya yi aiki, aka riƙa tambayarta inda ta samo shi. Iya Tumba ta ɗauki babanku ta ɗora mini a ƙirji gaban kowa, ta ce a koya masa kamu, shi kuwa ya kama tun ba ta rufe baki ba, wata ta ce ɗan nan kamar ya san hanya. Da ɗaki ya watse na lallaɓa na je jikin danga ta baya. Kakanku yana tsaye a rana, itace a ƙasa, jaki da akumarinsa.

"Ta hito?" ya ce, bai ko juyo ba, don kada a ga yana magana da mai jego.

"Ta hito."

Ya sunkuya ya fara kwance igiya. Ya daɗe a kan ƙulli ɗaya, wanda na san da ido rufe yake kwance shi.

Gwaggo ba ta rage mini komai ba. Ta yi mini wanka safe da yamma har na gama, kununa bai taɓa yin sanyi ba, ta sayar da akuyar ta saya mini nama. Amma ba ta sake zama bakin gadona ba, kuma ranar da zan koma ɗakina wata ta sa ta raka ni. Sauran haihuwata duka a Illela na yi su, ba ta zo ba, ban kuma ga fuskar da zan kira ta ba. Na je na ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba, takan ce ba komai, ta tambayi yara, ta kawo mini ruwa kamar baƙuwa. Har ta rasu haka muke. Ita ta raine ni, kuma da magana ɗaya na rasa ta. Na sha tambayar kaina ko da na yi shiru tsohuwar za ta yi abin da ta yi, tunda ta riga ta goge bakin yaron. Mai yiwuwa maganata ba ta ƙara komai ba sai ciwo. Mai yiwuwa kuma ita ce ta sa aka ce a kawo babba. Ban sani ba, kuma kakanku da nake tambaya yakan ce shi jaki kawai ya riƙe.

Sunan kuma ya zauna. Ba wanda ya ce Kulu ta gano wani abu, cewa aka yi iskar ta sake ta bayan ta sami ɗa. Aka ci gaba da gwaji a ko'ina, har gobe ana yi. Ni dai duk 'ya'yana sun sha na farko a ɓoye, babanku kuwa kun gan shi, ya fi ƙofar ɗakin nan tsawo. Ba na cewa na san abin da ke cikin dakashi, ban san dalilin da ya sa Safiya ta tafi ba, kwananta ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne tururuwa ba ta san nono ba, hanyar fita kawai take nema.

Shekaru bayan haka na je Amarawa gaisuwa, na tarar da Iya Tumba ta daina fita, tana zaune a rana bakin ɗakinta. Na kai mata kanwa da ɗan tsaki. Muka gaisa, ta tambayi yaron da sunansa. Abin da ke cina tun ran nan ya ƙi kwanciya, na matsa kusa na rage murya.

"Iya, ran nan, ke kika karkata ludayin?"

Ta daɗe tana kallon hannuwanta a kan cinya.

"Ɗiyata," ta ce, "hannun tsohuwa rawa shika yi."

Na so in tambaye ta ko ya yi wa wasu rawa, da kuma mi ya hana shi rawa a karon farko. Na ga idonta ya cika, sai na bar ta.

To, Dije, ga abin da nake so ki ji. Ki yarda a yi miki wanka, ki sha kununki da zafinsa, ki kwanta inda aka ce ki kwanta, waɗannan mata sun san jiki. In abu ya dame ki a rai ki nemi wadda za ta zauna bakin gadonki ki faɗa mata, ko da kunya ta ce kada ki faɗa. Kada ki yi wa kowa magana gaban taro irin wadda na yi. In dangin mijinki sun ce sai an gwada, ki ce kin yarda, amma kina da kaka a Illela, tsohuwa ce, takaba ta gama, ba ta da aikin yi, kuma za ta ji haushi in ba ita aka ba girman ba. A turo jaki a ɗauke ni. Sanusi, dubi hannuna, ka ga yadda yake yi tun rasuwar kakanku, ko ƙoƙon ruwa ba na kaiwa baki sai ya zube. Ni zan riƙe ludayin.